Inabin da Yayana Ya Yi Shekara Tara Yana Binnewa

Idan ka shiga gonar gwajin inabi ta jami'ar aikin gona da ke bayan garinmu Norby, daga hannun dama za ka ga wani allon ƙarfe an kafa, ɗauke da sunan yayana Orval Hagestad. A ƙasan sunan an rubuta wai "ma'aikaci mai gaskiya da riƙon amana, shekara arba'in da ɗaya." Duk ranar da na wuce ta wurin sai na yi dariya har sandata ta kusa kuɓuce mini. Shekara arba'in da ɗayan dai gaskiya ce. Sauran kuwa, ni Hilma ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, da hannuna na riƙe masa shebur, don haka ku gyara zama.

Jami'ar nan da kuke gani da dogayen gine-gine a birni, da rumfar shanu ta fara, da malamai uku da alfadari ɗaya. Shugabanta na farko wani mai gemu ne daga can gabas, inda sanyi ke da kunya. Ya sa aka kawo masa bishiyar inabi ɗari huɗu daga Turai, ya dasa a nan Norby, ya tara kakanninmu ya yi musu dogon jawabi, wai nan da shekara biyar kowa zai tsinki inabi a ƙofar gidansa. Janairu ta zo ta wuce. Da ƙanƙara ta narke aka je dubawa, ko guda ɗaya ba ta yi rai ba. Alfadarin ma an ce da ƙyar ya sha.

Daga nan sai masu ilimi suka sauko suka koyi dabarar tsofaffi, wato binnewa. Ƙarshen Oktoba a kwance bishiya daga jikin waya, a kwantar da ita ƙasa a hankali, a lulluɓe ta da ƙasa da busasshiyar ciyawa, ta yi barcinta har Afrilu, sannan a tone ta a ɗaga a ɗaure. Babanmu Halvor ya yi shekara talatin yana wannan aiki a gonar jami'a, har bayansa ya lanƙwashe kamar lauje. Orval ya gaje shi a 1940.

A gidanmu ma akwai guda ɗaya a jikin bangon kicin, ta Innarmu Borghild. Ba wanda ya san asalinta, wata maƙwabciya ce ta ba ta reshe tun tana amarya. 'Ya'yanta jajaye ne, manya, fatar ba kauri, in ka sa a baki zaƙin har kunne, ga ƙamshi irin na zumar da aka ɗebo yanzu. Inna ba ta yarda kowa ya binne mata ita sai Orval. Ni aikina in riƙe reshe, a yi ta daka mini tsawa wai zan karya.

Shi Orval dogo ne, da kunnuwa fato-fato, bai taɓa aure ba, kuma in ka gaishe shi ranar Litinin amsar na iya zuwa Laraba. Mutanen garinmu kuwa, da zarar mutum ba ya magana sai su ɗauka waliyyi ne. Ni da na tashi da shi na san shirun nan ba tsarki ba ne. A cikinsa yake ƙulla abin da yake so ya ƙulla, fuska kamar bai san komai ba.

A 1959 aka turo mana Dakta Imogene Pashek ta riƙe binciken inabi. Gajeriya ce, sanye da takalman maza, muryarta kuwa daga wannan ƙarshen gona ana jin ta a wancan. Ranar da ta iso ta tara ma'aikata ta ce kowa ya kawo shebur ɗinsa.

"Daga yau an daina binne inabi a gonar nan," in ji ta. "Manomi mai shanu talatin ina ya ga lokacin yi wa itace kabari kowace shekara? Inabin da muke nema shi ne wanda zai tsaya da ƙafarsa a Janairu. Wanda ba zai iya ba, ya mutu, Allah ya raka taki gona."

To, wannan ta ƙarshen ni na ƙara mata, amma abin da take nufi ke nan.

Dabararta ita ce haɗa aure tsakanin inabin dajin bakin kogi, wanda ba ruwansa da sanyi amma tsaminsa na sa tsuntsu runtse ido, da inabi mai zaƙi wanda ba ya jure komai. A watan Yuni a bi fure da hantsaki a cire masa nasa garin, a shafa masa na wani, a rufe da jakar takarda. A shuka irin da ya fito, a jira shekara huɗu ko biyar kafin a ga 'ya'ya, sanyi kuma yana nasa zaɓen. A cikin dubu, in an yi sa'a goma su tsira, a cikin goman tara ba sa ciyuwa. Orval ya tsani dokar, amma duk gonar ba mai hannunsa a aikin hantsaki, shi ya sa Dakta ta yarda da shi fiye da kowa.

A 1965 Dakta ta ɗanɗana inabin Inna a wajen liyafar coci, ta bi ta har gida tana roƙo, da Yuni ya zagayo ta zo ta ɗebi garin furen don ta haɗa shi da inabin daji a gonar jami'a. Hunturun da ya biyo baya Inna ta rasu. Aka sayar da gidan, wanda ya saya kuma, Allah ya shirye shi, ya tumɓuke bishiyar ya zuba siminti don ya samu wurin ajiye mota. Orval ya daina bi ta layin har ya mutu.

Wata rana a Satumba, shekara huɗu bayan haka, ina cikin gasa lefse, gurasarmu ta dankali, sai ga Orval a bakin ƙofa, ya riƙe hularsa da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Ƙwayar inabi uku ne a ciki.

"Ci," ya ce.

"Yaya, hannuna duk gari ne."

"Ke dai ci."

Na sa ɗaya a baki. Wallahi sai na ji ni a tsaye a jikin bangon kicin ɗinmu, Inna na leƙowa ta taga tana cewa kar mu cinye kafin ya nuna. Na zauna a kan kujera na yi kuka sosai, lefse ya ƙone a kan kasko. Orval ya tsaya yana kallon silin, kunnuwansa sun yi ja.

"Layi na tara, lamba ashirin da bakwai," ya ce. Sai ya juya ya tafi.

Ga yadda abin yake. Ashirin da Bakwai ita kaɗai ta rage a duniya mai ɗanɗanon inabin Inna. Tun tana ƙarama dusar ƙanƙara ke rufe ta, amma yanzu ta hau waya, dole ta fuskanci Janairu a tsaye kamar kowa. Wataƙila ta gaji taurin ubanta na daji, wataƙila ta gaji lalacin uwarta. Hanya ɗaya ce ta sani, a bar ta a gani. Orval kuwa ba shi da niyyar gani.

Ita Dakta, da an gama girbi a ƙarshen Oktoba take haɗa kayanta ta koma birni koyarwa, mil tamanin daga nan, sai tsakiyar Afrilu a sake ganin ta. Sauran ma'aikata na lokacin zafi ne. Orval kaɗai ke kwana a ɗan gidan da ke cikin gonar. Sai ya jira ƙurar motarta ta kwanta, ya je ya zaro shebur ɗin Baba daga ƙarƙashin gado. A Afrilu kuma, mako guda kafin ta dawo, ya tone bishiyar, ya wanke mata jiki da buroshi, ya ɗaure ta a waya, ya share wurin tas.

Ni a shekara ta uku na kama shi. Na kai masa abincin rana, na same shi durƙushe yana jera ciyawa.

"Yaya! Me nake gani?"

"Gyara nake."

"Gyaran me? Binne ta kake yi! Ai matar nan in ta ji, da kai da kunnuwanka za ta kora."

"Wa zai gaya mata?"

"Kai, ka ji mini mutum. Wannan fa ha'inci ne."

Ya ɗago ya dube ni. "Kin ci ko ba ki ci ba?"

"Na ci."

"To riƙe mini reshen nan. A hankali, kar ki karya."

Na ajiye kwano na riƙe. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi ma na ji.

Da a ce guda ɗayan ce, da har yau ba wanda ya sani. Matsalar ita ce Dakta ta ƙyalla ido ta ga Ashirin da Bakwai. Kowace Afrilu ta zo ta tarar sanyi ya yi wa layi kaca-kaca, ita kuwa 'yar gata ko idon toho ɗaya bai mutu a jikinta ba, ga zaƙi. Dakta ta riƙa zagaya ta tana tafa hannu. Ta sa aka yanki rassanta aka dasa guda biyar. Da biyar ɗin ma suka tsallake hunturu lafiya lau, ta ce a mai da su ashirin. Daga ashirin sai sittin. Kuma wa ya dasa su da hannunsa, yana murmushin dole? Orval. Wa zai binne su duka tsakanin tafiyar Dakta da daskarewar ƙasa? Ni da shi. Na riƙa gaya wa mijina Lester wai ina taya matan coci ɗinkin bargo, in dawo da yamma da laka har gwiwa. Lester mutumin kirki ne, amma in ba saniya ba ce ba ya duban abu sau biyu.

Bishiyar da ake binnewa kowace shekara gindinta a karkace yake tashi, don ta saba kwanciya. Dakta ta lura.

"Orval, me ya sa duk irin nan suke jingina gefe guda?"

"Halinsu ne, ranki ya daɗe."

Sai ta rubuta a takardar bincikenta cewa wannan iri yana da ɗabi'ar karkata tun daga gindi. An buga a mujallar masana, har wani farfesa daga wata jiha ya rubuto yana yaba mata kaifin ido. Orval ya yanke shafin ya manna a bangon banɗakinsa.

Sai kuma maganar firiza. Jami'a ta sayi wata na'ura mai daskarar da rassa a auna iya sanyin da za su jure. Dakta ta aiko wa Orval takarda cewa kowace Janairu ya yanko rassan Ashirin da Bakwai ya aika mata ta gidan waya. To ina zai same su, suna ƙarƙashin ƙasa ƙafa guda, ƙasar kuma ta zama dutse? Sai ya juya kan maƙwabciyarta, Ashirin da Takwas.

Ita wannan, duk gonar ba abin da Orval ya tsana kamarta. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Ashirin da Bakwai, amma ita uban ta biyo. 'Ya'yanta ƙanana, baƙaƙe, da ɗan tsami, ga ta da yaɗo kamar me, kullum tana miƙa hannu tana hawa kan 'yar'uwarta. Marar Kunya yake ce mata. In zai wuce sai ya ɗan shure ta. Takin da ya kamata ya ba ta, Ashirin da Bakwai yake ƙara wa. Ita kuwa ko a jikinta, Janairu ta zo ta wuce tana tsaye ƙiƙam. Rassanta ya riƙa yanka yana ɗaura musu lamba ashirin da bakwai yana aikawa. Sakamako ya fito, wai sai sanyi ya wuce digiri talatin da takwas ƙasa da sifili kafin su ji a jikinsu. Dakta ta kusa rawa.

Ranar da abin ya juyo kaina ita ce ranar taron manoma, Satumbar 1979. An kafa rumfa a gonar, an jera kujeru, an zagaya da inabin a faranti kowa ya ɗanɗana. Dakta ta hau bayan akori-kura ta ce bayan shekara casa'in da wani abu, jami'a ta cika alkawarin mai gemu. In Allah ya kai mu bazara za a raba wa manoma dashen Ashirin da Bakwai, ba binnewa, ba wahala. Wa zai fara?

Hannun da ya riga na kowa tashi na mijina ne.

"Eka biyar!" in ji Lester, baki har kunne. Ya juyo gare ni. "Hilma, ai na gidanku ne, ko? Zan nome filin ciyawar shanun nan na kudu in zuba shi gaba ɗaya."

Kafin mako ya zagayo ya sa garma ya kifar da filin, filin da shanunmu ke ci duk hunturu. Maƙwabta biyu suka ce su ma za su bi sahu. Ni kuwa na san abin da ke jiransu. Na aika aka kira Orval, na zaunar da shi a kicin, ko kofi ban ba shi ba.

"Eka biyar, Yaya. Bishiya dubu uku. Kai za ka zo ka binne mana?"

Ya cire hula ya hau murza ta.

"Magana nake maka! Ko ka gaya mata, ko in gaya mata. Ni na gaji. Gwiwata ta gaji. Matan coci ma sun fara tambayar Lester wane bargo ne wannan da ba ya ƙarewa."

"In na faɗa, za ta bar su a tsaye."

"To ta bar su mana! Ka sani ko su rayu? Shekara tara ba ka taɓa ba ta dama ba."

"In ta mutu fa?"

Yadda ya faɗi maganar, sai na ji haushin ya zube. Ga namiji ɗan shekara sittin da ɗaya yana murza hula kamar yaron da aka aika ya ɓatar da saƙo. Na tashi na zuba masa kofin. Amma ban janye ba, na ce masa yana da zuwa ranar da Dakta za ta tafi.

Ya yi ta ja har ranar ƙarshe. Sau uku yana zuwa ƙofar ofishinta, sau uku yana tambayar ta ko tana son a gyara shinge. Ranar ashirin da tara ga Oktoba da hantsi na je gonar da kaina na tsaya a bakin layi na tara, hannu a ƙugu. Dakta ta riga ta loda akwatunanta a mota.

"Dakta," in ji Orval, "zo ki ga wani abu."

Ta biyo shi. Ya tsaya gaban uwar, ta asalin, ya ciro wuƙa ya yanke igiyoyin da ke riƙe da ita ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sa tafin hannu ɗaya ya ɗan tura ta. Bishiya mai shekara goma sha uku, gindinta ya kai kaurin damtsena, wadda in ba a saba mata ba sai ta yi ƙara ta tsage kafin ta lanƙwasa, sai ga ta ta kwanta luf a ƙasa ba ko ƙas, kamar tsohon kare ya ga tabarmarsa.

Dakta ta dubi bishiyar. Ta dubi gindin nan mai ɗabi'ar karkata. Ta bi sauran sittin ɗin da kallo har ƙarshen layi, duk sun jingina gefe guda. Na ga wuyanta ya fara ja yana hawa sama.

"Tun yaushe?"

"Tun saba'in."

"Dukkansu?"

"Dukkansu."

"Kai kaɗai?"

Munafukin sai ya waiwayo ya dube ni.

Ba zan maimaita abin da Dakta ta faɗa ba, don rabinsa da harshen kakanninta ta yi, rabin da na gane kuma bai dace da bakin tsohuwa ba. Ta cire hula ta buga da ƙasa. Ta tafi har ƙarshen layi ta dawo. Can sai ta tsaya cak.

"Tsaya. Rassan da nake sa wa a firiza fa? Na wace ce?"

Orval ya nuna Marar Kunya da haɓa, ko hannu bai iya ɗaga mata ba.

Dakta ta daɗe tana kallon Ashirin da Takwas. Sannan ta ce, "Ɗaga wannan ka ɗaure. Duk sittin da ɗaya a tsaye za su kwana bana. Kawo shebur ɗin." Ta karɓi na Baba, ta karɓi nawa, ta bi rumfar kaya ta kwashe har da cokalin tono na lambu, ta zuba a bayan mota. Kafin ta tafi ta zagaya layin ita kaɗai da almakashinta, mu dai muka ɗauka aikin bincike ne. Hunturun nan duk ranar Asabar sai ta tuƙo mil tamanin ta zo ta ƙirga su.

Lester da ya ji labari kwana biyu bai yi mini magana ba. Rana ta uku ya ce, "Ashe shi ya sa ban taɓa ganin bargon ba."

Hunturun kuwa ya zo da mugun nufi. Irin wanda manoma suka fi tsoro, sanyi tsagwaronsa ba dusar ƙanƙarar da za ta rufe ƙasa. Fili tsirara har tsakiyar Janairu, sannan aka yi kwana shida a jere ma'auni bai haura talatin ƙasa da sifili ba. Kullum da safe in na kai wa Orval abinci a layi na tara nake samun sa, tsaye, hannuwa cikin aljihu, gira duk ƙanƙara. Wata rana na ga ya cire kwat ɗinsa zai yafa wa uwar, ta asalin.

"Yaya, mai da rigarka. Ka ji abin da Dakta ta ce."

Ya mayar. Ni ma na juya baya don kar ya ga fuskata.

A Afrilu Dakta ta zo da reza, muka bi ta. Ta riƙa tsaga idon toho ɗaya bayan ɗaya. Mai rai kore yake a ciki, matacce baƙi. Baƙi. Baƙi. Baƙi. Muka ce wataƙila ta tsiro daga saiwa, muka jira har ƙarshen Mayu. Sanyin ya bi su har ƙarƙashin ƙasa. Sittin da ɗaya, ko ɗaya ba ta motsa ba. A gefensu kuwa Marar Kunya ta yi ganye shar, har ta miƙa hannu ta kama wayar marigayiya.

Orval da kansa ya tumɓuke su. Ya ƙi yarda kowa ya taya shi, har ni. Na ji zafin abin ƙwarai, don ni na matsa masa, kuma ko yau aka sake ba ni zaɓi haka zan yi, amma wannan bai hana ni jin kamar mun sake binne Inna ba.

Dakta ta sha kunya a gaban manyanta. Ta janye takardunta, ta tsaya ta ce laifinta ne, mai binciken sanyi da ba ta taɓa leƙa gonarta a lokacin sanyi ba. Sunan Orval bai fito daga bakinta ba. Abin da ya cece ta shi ne awon firiza na shekara da shekaru, lamba kawai ta canza, ya zama na Ashirin da Takwas. Da aka fara ba Marar Kunya takinta, aka daina shurin ta, sai ga shi 'ya'yanta sun ƙara girma, ruwansu kuma in an ɗan sa sukari yara har rububi suke. Ita Lester ya dasa a eka biyar ɗinsa, tana nan har yau. Da aka zo raɗa mata suna, Dakta ta ce ai wanda ya gano ta shi ya cancanta. Aka sa mata Hagestad. Orval ya zauna a layin gaba ranar bikin, fuska kamar an ba shi magani. Har ya koma ga Allah bai taɓa sa ƙwaya ɗaya a bakinsa ba.

Amma na tsallake wani abu. Ranar da ya gama tumɓuke matattun, yana zaune a kan tulin itacen, sai ga motar Dakta. Ta buɗe baya ta sauko da shebur ɗin Baba da wani bokiti cike da yashi ta dire a gabansa. Sanduna goma sha biyu ne a ciki, uku sun fito da ɗan kore. Ashe rassan da ta yanka ranar nan da almakashi ba firiza ta kai su ba. Bayan gidanta na birni ta haƙa rami da shebur ɗin Babanmu ta binne su, ita da ta yi shekara ashirin tana hana binnewa.

"Wannan ba kayan jami'a ba ne," ta ce, tana kallon wani wajen. "Kuma kar in kuskura in gan ta a gonata."

Orval ya durƙusa ya taɓa yashin, ya zaro ɗaya daga cikin matattun ya jujjuya.  Na ce yau dai zan ji yayana ya yi godiya da baki.

"Wa ya koya miki binnewa haka?" ya ce. "Ramin bai kai ba. Tara kika kashe."

"Orval, in ka ƙara kalma ɗaya zan mai da bokitin nan mota."

Ya rungume bokitin.

A jikin bangon kicin ɗina muka dasa, don shi gidan jami'a yake zaune. Guda ɗaya ta kama. Shekara goma sha uku yana zuwa ƙarshen Oktoba ya kwantar da ita, ni ina riƙe reshe ana daka mini tsawa. A ta ƙarshe ba ya iya tsayuwa, sai Lester ya ɗauko shi a mota muka zaunar da shi a kujera da bargo, ni ina tono shi yana gyara mini, wai na cika gaggawa, wai ciyawar ba ta isa ba. Da na gama ya kira ni da hannu.

"Hilma, ko wa ya ce miki ta yi ƙwari, kar ki bari a gwada ta."

Bai ga tonowar ba, a Fabrairu ya tafi.

Yanzu shekarata saba'in da takwas. Lester ma ya bi shi, Dakta kuma tun kafin su. Likita ya ce in na sake durƙusawa a kan gwiwar nan ba ruwansa. Masu binciken jami'a na yanzu sun zo sun ɗanɗana, suka ce ai hunturu ya yi sauƙi a 'yan shekarun nan, in bar ta a tsaye shekara ɗaya mana a gani. Na ba su kofi, na raka su har mota.

Ɗazu rediyo ya ce sanyi zai sauko ranar Alhamis. Na riga na yanke igiyoyin, shebur ɗin Baba na jingine a bakin ƙofa. Abin da na rasa kawai shi ne wanda zai ce mini a hankali, kar ki karya.